Agogon Girki a Ƙarƙashin Ƙanƙara: Masana da Sirrin Nutson Dabbobin Teku

Duk wanda ya tashi a garin da ke da rafi ko kududdufi ya san wasan nan na yara: a toshe hanci, a nutse tare, wanda ya riga ɗagowa shi aka ka da. Gwanin cikinsu da ƙyar yake cika minti ɗaya. Ko masuntan da suka gaji ruwa kaka da kakanni, in suka yi minti biyu zuwa uku ƙirji ya ɗauki zafi, dole a nemi sama. To, a shekarar 2020 masana suka ba da labarin wata dabbar teku daga dangin wel masu tsinin baki, wadda ta yi minti 222 a ƙarƙashin ruwa da numfashi guda, wato awa uku da minti 42. Kafin nan, a 2014, an ba da labarin wata irinta da aka auna a zurfin mita 2,992. Kuma wannan dabba huhu gare ta kamar ni da kai. Haihuwa take yi, ta shayar da nono, in ruwa ya cika mata huhu mutuwa za ta yi.

Akwai mutanen da suka tsufa a jami'o'i suna bin tambaya guda: ta yaya jiki mai jini da huhu yake jure wannan? Fanninsu shi ne nazarin aikin gaɓoɓin jikin dabbobin teku masu shayarwa. Dabbobin sun haɗa da wel, wanda mutane ke ce wa kifi alhali ba kifi ba ne, da dolfin, da karen teku da Turawa ke kira sil, da kuma ayu. Kada mai karatu ya ɗauka duk baƙi ne a gare mu. Ayun da ke kogin Binuwai da Kwara ɗan wannan rukuni ne, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa a cikin dabbobin da ke raye yau, babu wadda ta fi dorina kusancin zumunci da wel.

Wanda ya kafa harsashin fannin a zamanance shi ne Per Scholander, likitan da aka haifa a 1905, ya yi karatu a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe. A shekarun 1930 yakan kawo karen teku ɗakin gwaji, ya ɗaure shi a kan katako, ya maƙala masa wayoyin auna bugun zuciya, sannan ya dulmiya shi cikin tankin ruwa. Abin da ya wallafa a 1940 ya girgiza masana. Da fuskar dabbar ta shiga ruwa, sai bugun zuciyarta ya faɗi zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na yadda yake. Jijiyoyin da ke kai jini ga tsoka da hanji da ƙoda su tsuke, a bar wa ƙwaƙwalwa da zuciya ɗan abin da ke akwai. Dabarar magidanci ce idan hatsi ya yi ƙasa a rumbu kaka ba ta zo ba: a rage awo, a fara da wanda ba zai iya jure yunwa ba. Tsokar da aka hana wa jini kuwa ta ci gaba da aiki babu iskar oksijin, tana tara sinadarin laktik, irin wanda ke taruwa a jikin ɗan tsere idan ya ƙure gudu. Sai dabbar ta ɗago sannan wannan bashi ya kwararo cikin jini, a shiga biyansa.

Scholander ya koma Amurka a 1939, ya yi aiki da Laurence Irving, daga baya ya zauna a cibiyar nazarin teku ta Scripps da ke Kalifoniya. An daɗe ana karantar da bayaninsa a matsayin yadda dabbobin nan ke nutso kullum. Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Dabbar da aka ɗaure aka tura cikin ruwa ba ta san ko bayan minti biyu za a ɗago ta ko bayan ashirin ba, don haka jikinta yake rufe kowace ƙofa saboda tsoro. Tamkar ka auna zuciyar wanda 'yan fashi suka tare a hanya ne, ka rubuta cewa haka zuciyar ɗan Adam ke bugawa.

Wanda ya warware ƙullin wani matashi ne mai suna Gerald Kooyman, ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Arizona, jihar da hamada ce, ko bakin teku ba ta da shi. A farkon shekarun 1960 ya je mashigin McMurdo a nahiyar Antaktika, inda karen teku na Weddell, mai nauyin kilo 400 zuwa 500, ke rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara. A lokacin babu na'urar da za ta faɗi zurfi da tsawon lokacin nutso a haɗe. Sai Kooyman ya ɗauko agogon girki, irin wanda ake murzawa ya yi ƙara in minti sittin sun cika, ya ɗora masa faifan gilashi da aka baƙanta da hayaƙi, ya haɗa da wata allura da matsin ruwa ke turawa. Agogo na juya faifan, allura na karce shi. Idan dabbar ta dawo, sai a ciro faifan a karanta layin da aka karce: nan ta sauka, nan ta tsaya, nan ta juyo. Da wannan ɗan abin ya wallafa a 1966 cewa karen tekun Weddell na kaiwa zurfin mita 600, kuma yana iya yin minti 43 bai shaƙi iska ba.

Amma ta yaya za ka saki dabba a teku ka tabbata za ta dawo maka da na'urarka? Nan ma dabarar mai sauƙi ce. Sukan je tsakiyar filin ƙanƙara, nesa da duk wata tsaga, su huda rami a ƙanƙarar da kaurinta ya kai mita biyu, su ɗora ɗan ɗakin katako a kai. A kawo karen teku a sake shi cikin ramin. Yana da 'yancin ya nutse yadda ya ga dama, ya yi farautar kifinsa, amma babu wata kafar numfashi kusa sai wannan. Mai bincike na zaune a bakin ramin cikin rigunan sanyi, ruwan da ke ƙasansa ya kusa digiri biyu ƙasa da sifiri. Can sai ruwa ya motsa, ƙaton kai mai gashin baki ya ɓullo, ya fesar da numfashi mai ƙarnin kifi. Cikin waɗannan 'yan mintoci za a ɗebi jini ta siririn bututun da aka riga aka sa masa, a rubuta lokaci, kafin ya sake komawa. Haka za a yi ta yi dare da rana, domin a bazarar Antaktika rana ba ta faɗuwa.

Sakamakon da Kooyman da abokan aikinsa suka fitar a 1980 ya gyara karatun Scholander. Idan nutso bai wuce minti 20 zuwa 25 ba, laktik ba ya ƙaruwa a jini, ma'ana dabbar ba ta ci bashi ba. Kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na nutsonta ba ya wuce wannan iyaka. Tana iya yin awa guda in ta kama, amma bayansa sai ta daɗe tana hutawa. Gajeren nutso a jere ya fi ba ta lokacin farauta a wuni. Abin da Scholander ya gani gaskiya ne, amma matakin gaggawa ne, na ranar da rai ke cikin haɗari. Abin sha'awa, Kooyman a Scripps ya yi rayuwarsa ta aiki, a ɗakin binciken da shi Scholander ya kafa. Haka ilimi ke tafiya: ɗalibi ya gyara malami, kuma ba a ce ya yi rashin kunya ba.

To ina dabbar ke ajiye iskarta? Mai karatu zai yi zaton ƙaton huhu ne, amma karen teku fitar da numfashi ma yake yi kafin ya nutse. Oksijin ɗin da ke huhunsa bai fi kashi 5 cikin 100 na ajiyarsa ba. Wajen kashi biyu cikin uku na cikin jini, sauran a tsoka. Jinin ɗan Adam kusan kashi 7 cikin 100 ne na nauyinsa, na karen tekun Weddell ya kai kashi 20. Saifarsa kuma rumbu ce ta jajayen ƙwayoyin jini, tana matse su cikin jijiyoyi idan an shiga nutso. Tsokarsa cike take da wani furotin mai riƙe oksijin da ake kira mayogulobin, shi ya sa namansa ya yi duhu har ya kusa baƙi. Saboda yawansa a naman wel ne ma John Kendrew na Ingila ya zaɓe shi lokacin da ya fitar da siffar furotin ta farko a tarihi a 1958, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1962.

Sai batun matsi. Duk mita goma da aka sauka, nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Ɗan Adam mai nutso da tukunyar iska yana fuskantar haɗari: iskar naitirojin na narkewa a jininsa, in ya hau da sauri ta yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo. Su waɗannan dabbobi haƙarƙarinsu lanƙwasuwa yake yi, huhu ya motse, iskar ta koma bututun maƙogwaro inda ba ta iya shiga jini. A 1969 Sam Ridgway, likitan dabbobi na sojojin ruwan Amurka, ya wallafa yadda ya horar da wani dolfin mai suna Tuffy ya sauka mita 300, hoto kuma ya nuna ƙirjinsa a lotse.

Na'urorin yau sun wuce agogon girki nesa ba kusa ba, amma darasin tattali suke ta maimaitawa. A 2000 Terrie Williams ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ta yi amfani da ƙananan kyamarori ta nuna cewa dabbobin kan daina kaɗa jiki yayin sauka, su bar nauyinsu ya ja su, don kada a ƙona oksijin a banza. A 2019 aka wallafa abin da aka gani bayan an manna wa shuɗin wel, dabbar da ta fi kowace girma a duniya, na'urar auna zuciya: a zurfi bugu biyu a minti, a sama har 37. A 2023 kuma aka gano cewa karen teku mai hancin giwa, idan yana tsakiyar teku, barcinsa bai fi awa biyu a rana ba, kuma a cikin nutso yake yinsa, ya kifa rigingine yana juyawa a hankali yana sauka kamar busasshen ganye.

Wanda ke sha'awar wannan hanya ya sani doguwa ce. Ana farawa da digiri a ilimin halittu ko na dabbobi ko likitancin dabbobi, tare da ƙarfi a kimiyyar sinadarai da lissafi. Sai digirin digirgir, wanda a Amurka kan ci shekara biyar zuwa shida, sai wasu shekaru na aiki ƙarƙashin babban malami kafin a samu kujerar koyarwa. Zuwa fage wata biyu ko uku ne a shekara. Sauran watannin na rubuta takardun neman kuɗin bincike ne, da neman izini, domin tun 1972 dokar Amurka ta hana taɓa waɗannan dabbobi sai da lasisi, da koyar da ɗalibai, da zama gaban kwamfuta ana tace alƙaluma. Sau da yawa aikin shekara guda kan tsaya a kan dabbobi biyar ko shida, kuma na'ura mai tsada na iya ɓallewa ta nutse da duk abin da ta tara. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, a wannan fanni ba karin magana ba ce kawai.

Mai tambaya zai ce, me ya haɗa talaka da zuciyar wel? Warren Zapol, likitan sa barci a asibitin Massachusetts General da ke Boston, ya yi ta zuwa Antaktika yana nazarin karen tekun Weddell don ya fahimci yadda jiki ke jure ƙarancin oksijin, matsalar da yake gani kullum a ɗakin masu jinya mai tsanani. Mu ma muna da ɓurɓushin wannan baiwa: fuska ta taɓa ruwan sanyi, zuciya ta sassauta, har likitoci kan yi amfani da hakan wajen kwantar da wani nau'in bugun zuciya mai sauri a jarirai. A 2018 an gano cewa saifar mutanen Bajau, masu nutso na Indonesiya, ta fi ta maƙwabtansu girma da kusan rabi. Dabbobin ma sun amfana. A 2002 wel masu tsinin baki 14 suka faɗo gaɓar tsibiran Kanari bayan atisayen jiragen yaƙi masu amfani da na'urar sauti mai ƙarfi. Da aka buɗe gawarwakin aka tarar da kumfar iska a gaɓoɓinsu. Wannan hujja ce ta sa ƙasar Sifen ta hana amfani da na'urar a yankin a 2004.

Mu dawo gida. A cikin nau'in ayu uku da ke duniya, na Afirka ne aka fi ƙarancin nazari a kansa, kuma yana cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Ana farautarsa don nama da man ayu da ake tallarsa a kasuwanni, koma na kama shi, madatsun ruwa na raba shi da 'yan'uwansa. Yawancin abin da littattafai ke faɗi kan numfashin ayu, cewa yakan ɗago duk minti uku zuwa biyar, in yana hutawa kuma ya kai minti ashirin, daga ɗan'uwansa na Fulorida aka auno shi. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da tafkin Kainji, da ta nazarin teku a Legas, da jami'o'i a Makurɗi da Yola a bakin Binuwai. Muna kuma da tsofaffin masunta da suka san gurbin da ayu ke kwana, da ciyawar da yake ci, da lokacin da hancinsa ke ɓullowa. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗalibin da zai zauna a kwalekwale kusa da irin wannan dattijo, da agogo a hannu da littafin rubutu a cinya, yana ƙirga mintocin da ke tsakanin numfashi da numfashi, ya riga ya fara aikin da Kooyman ya fara a bakin raminsa.