Me Ya Sa Muke Sayen Tsoro Da Kuɗinmu?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san cewa idan aka iso Magamar Jibiya, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, sai an yi zaman jira kafin a wuce Ɗan Isa. Direba ya sauka da takardu, fasinjoji su nemi inuwa, masu tallar ruwa da rake su kewaye mota. A irin wannan zama ne na lura da wata 'yar makarantar sakandare da muke mota ɗaya, ta duƙufa a kan wani ɗan littafi mai zanen wata halitta mai jajayen idanu a bangonsa. Rana tsaka ce, ga zafi, amma sai na ga tsikar jikinta ta tashi. Da yaron mota ya bugo ƙofa da ƙarfi, sai ta zabura har littafin ya faɗi. Ta ɗauka, ta yi dariya, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na ce mata, "'Yata, tun da abin nan yana firgita ki, me zai hana ki ajiye shi?" Ta ce, "Baba, ai daɗinsa ke nan."

Wannan amsa ita ce musabbabin wannan maƙala. Kowace dabba gudun abin tsoro take yi. To, yaya aka yi ɗan Adam yake cire kuɗi daga aljihunsa ya sayi tsoro?

Tsoro A Adabinmu

Son labarin ban tsoro ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu sun rene mu da tatsuniyoyin Dodo, muna ƙanƙame juna a kan tabarma, amma gobe da dare mu ne kan gaba wajen roƙon a sake mana. Da rubutun boko ya zo, aljanu da abubuwan al'ajabi suka biyo mu cikin littafi: akwai su a Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, haka kuma a Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Daga shekarun 1980 marubutan Kano suka cika kasuwa da ƙananan littattafai, a yau kuwa da yawa daga cikin irin waɗannan labarai a wayar hannu ake karanta su ko a saurare su. Turawa ma haka abin yake: Mary Shelley ta fitar da Frankenstein a 1818, Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897, kuma har yanzu ana buga su.

Ya kamata a fahimci wani abu tun daga nan. Batun samuwar aljanu batu ne na imani, ga sura sukutum a Alƙur'ani mai girma da sunansu, kuma ba shi ne fagen masanin halittu ba. Abin da za mu iya aunawa shi ne jikin mai karatu: zuciyarsa, da fatarsa, da ƙwaƙwalwarsa.

Mai Gadin Iyaka A Cikin Kai

A can cikin ƙwaƙwalwa, ta kowane ɓangare, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin jijiya da bai fi girman ƙwayar gyaɗa da yawa ba, wanda masana ke kira amigdala. Domin sauƙin fahimta, mu ɗauke ta kamar ma'aikacin da ke tsaye a shingen iyaka. Aikinsa shi ne ya tsayar da duk motar da bai yarda da ita ba nan take, tun kafin a duba takardunta. Duba takardu kuwa aikin babban jami'i ne da ke cikin ofis, wato sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, inda ake tunani da yanke hukunci.

Joseph LeDoux na Jami'ar New York ya nuna, ta hanyar gwaje-gwaje a kan ɓeraye, cewa saƙon haɗari yana iya bin gajeriyar hanya ya isa amigdala kafin doguwar hanyar tunani ta gama tantance shi. Shi ya sa mutum yake tsalle idan ya ga igiya a duhu, sa'an nan daga baya ya gane ba maciji ba ne. Hausawa sun riga sun lura da haka, da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da zarar amigdala ta yi kururuwa, sai wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su tsiyayo sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciyar da ke bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan ana hutawa sai ta ƙara sauri. Hanta ta saki sukari, numfashi ya ƙaru, baƙin ido ya buɗe, jini ya rage zuwa hanji ya nufi tsokar ƙafafu da hannuwa, baki ya bushe. Tashin tsikar jiki kuwa aikin wasu 'yan tsokoki ne da ke gindin kowane gashi. Su ne suke sa kyanwa ta kumbura idan ta ga kare. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ne ya bayyana wannan shiri na faɗa ko gudu a 1915.

Muhimmancin amigdala ya fito fili a wani rahoto na 2011 daga Jami'ar Iowa a Amurka, game da wata mata da wata cuta ta gado ta lalata mata amigdala duka biyu. An kai ta wurin macizai ta ɗauke su da hannu, an nuna mata finafinan ban tsoro, amma ko gezau.

Daga Ina Daɗin Yake Fitowa?

Abin lura shi ne, mai gadin nan bai iya bambanta Dodon littafi da Dodon gaske sosai ba. Idan marubuci ya iya aikinsa, ya siffanta takun sawu a bayan ɗaki da tsakar dare, jiki yakan fara shirin gudu. Amma jami'in da ke ofis ya san cewa takarda ce kawai a hannu, ga mutane a kewaye, kuma ana iya rufe littafin a kowane lokaci. Saboda haka mai karatu yana samun kuzarin adirenalin ba tare da haɗarin da ya saba zuwa da shi ba.

Bugu da ƙari, adirenalin ba ya ɓacewa daga jini nan take. Dolf Zillmann ya bayyana a 1971 cewa ragowar wannan tashin jiki yana ƙara wa duk wani yanayi da ya biyo baya ƙarfi. Wato idan jarumar labari ta tsira a shafin ƙarshe, farin cikin mai karatu yakan ninka gwargwadon firgicin da ya sha. Dariyar da yarinyar nan ta yi bayan ta zabura misali ce ta wannan.

Sai dai abin yana da ma'auni. A 2020 manazarta na Jami'ar Aarhus a ƙasar Denmak, cikinsu har da Marc Andersen da Mathias Clasen, sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan wasa da aka shirya domin firgita baƙi. Sun gano cewa waɗanda suka fi jin daɗi su ne waɗanda tsoronsu ya tsaya tsaka-tsaki. Idan ya yi kaɗan, abin ba armashi. Idan ya yi yawa, daɗi ya gudu. Kamar barkono ne a miya.

Atisaye Kafin Ranar Gaske

Me halitta take amfana da wannan? 'Yan kyanwa suna wasan farauta, 'yan awaki suna wasan gudu da tsalle, duk shiri ne na ranar da abin zai zama gaske. Masana da yawa suna ganin labarin ban tsoro irin wannan wasa ne. A 1989 Michael Cook da Susan Mineka sun nuna cewa birin da aka haifa a ɗakin bincike yana koyon tsoron maciji ta kallon hoton bidiyo na wani biri yana firgita, amma ba ya koyon tsoron fure ta wannan hanya. Ashe ana koyon tsoro daga ganin na wani, kuma wasu abubuwa sun fi saurin kamuwa. Ba banza ba marubuta suke yawan komawa ga duhu, da maciji, da kufai, da maƙabarta.

Wani bincike da Coltan Scrivner da abokan aikinsa suka yi a 2020, lokacin annobar korona, a kan mutum 310, ya nuna cewa masu sha'awar finafinan ban tsoro sun ba da rahoton ƙarancin damuwa. Wannan alaƙa ce kawai aka gani, ba hujja ce ta cewa finafinan ne suka yi maganin ba, amma ta dace da tunanin cewa wanda ya saba sarrafa ƙaramin tsoro yakan fi iya riƙe kansa a gaban babba.

Tsoron Da Ba A Iya Rufe Shi

A nan ne ya wajaba mu koma Jibiya. Ƙauyukan wannan yanki sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, kuma a 2019 dubun-dubatar mutane daga jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. A azuzuwanmu akwai yaran da suka ji ƙarar bindiga da kunnensu, suka kwana a daji. Tsoron littafi yana da bango na gaba da na baya. Wannan kuwa ba shi da shafin ƙarshe. Idan tsoro ya daɗe, sinadarin kotisol yakan dagula barci da riƙe karatu, mai gadi ya riƙa kururuwa ko da babu mota a shinge.

Saboda haka ina ba malamai shawara uku. Ta farko, kada a ɗauki duk ɗalibin da aka kama da irin wannan littafi a matsayin lalatacce. Yaro ne mai karatu, a tambaye shi abin da ya karanta, a sa shi ya auna bugun zuciyarsa kafin karatu da bayansa, darasin kimiyya ya samu. Ta biyu, kada a tilasta wa kowa sauraren labarin ban tsoro, ko a yi wa wanda ya ƙi dariya, domin ma'aunin kowa daban. Ta uku, idan aka ga yaro yana yawan zabura, ko mugun mafarki, ko ya daina magana bayan wani tashin hankali, a sanar da iyayensa, a haɗa da addu'a da ganin likita.

Ga ɗalibai kuwa, a guji karatun nan a lokacin kwanciya. Ƙarancin barci yana daga cikin abubuwan da ke jawo dannau, wato mutum ya farka alhali tsokokinsa ba su gama fita daga saken da suke yi lokacin mafarki ba, ya kasa motsi na ɗan lokaci.

Kammalawa

Mun ga cewa jiki ɗaya ne yake amsa tsoron wasa da na gaske, bambancin yana ga ikon da mutum yake da shi a kan abin. Da direbanmu ya dawo aka ɗaga shinge, yarinyar nan ta naɗe gefen shafi, ta rufe littafinta, ta sa a jaka. Fatanmu shi ne Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya zama iyakar tsoron da yaran Jibiya za su sani shi ne wanda ake iya rufewa a sa a jaka.