Daga Injin Huda Ƙanƙara Zuwa Janaretan Zaure: Hayaƙin Da Muke Raina Wa

A ranar 29 ga Disamba, 2023, jami'an ceto a gundumar Beltrami ta jihar Minesota da ke arewacin Amurka sun kwaso mutum 122 daga kan wani makeken falalen ƙanƙara da ya ɓalle daga gaɓar tafkin Upper Red Lake. Masu kamun kifi ne da suka fita kan daskararren ruwa, iska ta tura ƙanƙarar, ruwa ya raba su da tudu. A watan Nuwamba na 2022 ma an kwaso kusan mutum 200 daga wannan tafki. Duk lokacin da irin wannan labari ya iso gare mu fassara ɗaya ake yi masa: mutane sun ƙoshi, sun tafi wasa da rai a kan ƙanƙara, kuma abin tsoro a can bai wuce sanyi da nutsewa ba. Wannan fahimta ta tsaya a rabin hanya. Tsagewar ƙanƙara haɗari ne da ido ke gani, ana ɗaukar hotonsa, ana tura masu ceto. Akwai wani haɗarin da ke kwana da waɗannan masunta a cikin ɗakunansu, kyamara ba ta kama shi, kuma shi ne wanda ya shafe mu. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce mu bi ta kan ɗan injin da suke huda ƙanƙara da shi.

Kamun kifi ta cikin ƙanƙara tsohuwar sana'a ce a yankin. Al'ummar Ojibwe, 'yan asalin wurin, suna sassaƙe ƙanƙara da hannu, su zura kifin katako don yaudara, su soke na gaske da mashi. Daga baya aka samu mahuda ta hannu mai murɗaɗɗen ƙarfe, wadda garin Mora na ƙasar Suwidin ya yi suna wajen ƙera ta. Wajen shekarar 1950 kamfanin Feldmann na jihar Wiskonsin ya ɗora ƙaramin injin fetur a kan mahudar, ya sa mata suna Jiffy. Dalilin a fili yake. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota ta ce sai sabuwar ƙanƙara ta kai kaurin inci 4 kafin mutum ya taka ta, amma a tsakiyar hunturu kaurinta kan wuce ƙafa biyu. Huda wannan da ƙarfin dantse sau goma a safiya ɗaya aiki ne mai karya ƙashi.

Yawancin tsofaffin injinan nan irin waɗanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya ne, kashi 40 ko 50 na fetur da kashi 1 na mai, wasu tsofaffi kuma 24 da 1. Matsalarsu da sanyi guda ce: fetur ba ya cin wuta yana ruwa, tururinsa ne ke ci. A wurin da sanyi kan kai digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, har garin Tower ya taɓa ganin 51 ƙasa da sifili a Fabrairun 1996, kaɗan ne daga cikin fetur ke zama tururi. Iska mai sanyi kuma ta fi kauri, sai ta rinjayi ɗan tururin da aka samu, filogi ya yi tartsatsi amma ya rasa abin kunnawa. Ga baƙin mai ya yi danƙo, ga robobi sun sandare.

Ka dubi gogaggen masunci da asuba. Ya jingine injin a kan ƙanƙara, bakin ƙarfen na nesa da ƙafarsa. Ya cire safar hannu ɗaya, ya danna 'yar robar da ke tura mai cikin kafireta a hankali, sau 'yan kaɗan, domin in aka matsa mata da ƙarfi a wannan sanyi tana iya tsagewa. Ya rufe cok, kamar yadda ɗan acaɓa ke yi wa babur ɗinsa da sassafe a tsakiyar hunturu. Ya ja igiya sannu har ya ji ta ciza, sannan ya fizga gajeren fizga. Da injin ya yi tari sau ɗaya sai ya mayar da cok rabi, ya sake ja. In ya tashi ba ya taɓa totur, sai ya bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana ɗumama, sannan ya buɗe cok gaba ɗaya. Mai gaggawa kuwa ja yake ta yi da cok a rufe har mai ya jiƙa filogi, injin ya yi obafulo. Maganin wannan shi ne a buɗe cok, a buɗe totur tare da riƙe injin gam, a ja har ya share kansa, ko a kwance filogin a busar.

Sauran sirrin yana cikin galan. Fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka lokacin sanyi ana ƙara masa butan domin ya yi saurin tururi, don haka ragowar man bazara ba ya tayar da inji a watan Janairu. Tun 1997 Minesota ta wajabta zuba etanol a fetur, shi kuwa etanol yana janyo danshi, ɗigon ruwa guda in ya daskare a ƙaramar ƙofar kafireta ya isa ya toshe ta. Saboda haka masu abin ke neman fetur marar etanol, wanda dokar jihar ta yarda a sayar don ƙananan injina.

To, a nan ne maganar take. Aikin cok shi ne ya rage iska ya ƙara mai. Man da ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba shi ke haifar da iskar kabon monoksaid. Wato daidai lokacin da injin ke faman tashi a sanyi, a lokacin ne ya fi fitar da guba. Kuma a daidai lokacin ne mutumin da yatsunsa suka sandare ke jin sha'awar ya ja injin cikin tanti ko ɗakin katakon da ya kafa a kan ƙanƙara, ya tayar da shi cikin ɗumi, ko ya huda ramukansa daga ciki. A ɗakin nan akwai hita mai aiki da gas, wani sa'in ga janareta a gindin bango, an toshe kowace kafa don gudun iska. Hita da janareta su ne suka fi yin ɓarna, kuma hukumomin lafiya na jihar ba su fasa gargaɗi a kai ba duk hunturu. Haɗarin hayaƙin inji na daga cikin dalilan da suka sa mahuda mai batir ke ƙwace kasuwa daga mai fetur a 'yan shekarun nan.

Kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin da ake ji a hayaƙin inji na wasu abubuwa ne da ke tare da ita. Tana manne wa jini fiye da yadda iskar oksijin ke yi sau fiye da 200, sai jinin ya riƙa zagaya jiki ba tare da kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba. Farkon alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala. Wanda ke farke sai ya ɗauka gajiya ce ya kwanta, wanda ke barci kuwa ba ya farkawa.

Wannan ilimi ya tsufa, shi ya sa sakacin da ake yi da shi ke da ciwo. Tun 1857 masanin Faransa Claude Bernard ya bayyana yadda iskar ke kama jini. A Janairun 1896 wani abu ya fashe a mahaƙar kwal ta Tylorstown da ke yankin Wels na Birtaniya, mutum 57 suka mutu. Likita John Scott Haldane ya duba gawarwakin, ya gano cewa mafi yawansu ba wuta ko ɓaraguzai ne suka kashe su ba, iskar da ta biyo bayan fashewar ce. Haldane mutum ne da ya shaƙi gubar da kansa yana auna jininsa don ya san matakan da take bi. Shi ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙananan halittu, waɗanda gubar ke kayarwa kafin ta kayar da mutum. Daga nan kanari ya zama abokin aikin mahaƙa, ba a sallame shi daga mahaƙun Birtaniya ba sai a 1986, lokacin da na'ura ta karɓi aikinsa.

Minesota ta ɗauki darasin ta mayar da shi doka. Daga 2007 zuwa 2009 ta wajabta sanya na'urar gargaɗi cikin tazarar ƙafa 10 daga kowane ɗakin kwana, aka fara da sababbin gidaje aka ƙare da tsofaffi. Bayan mutuwar wata yarinya 'yar shekara 7 a cikin jirgin ruwa a tafkin Minnetonka a 2015, majalisar jihar ta yi dokar sanya na'urar a jiragen ruwa masu ɗakin kwana. Duk da haka hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na ƙiyasta cewa sama da mutum 400 ke mutuwa a ƙasar duk shekara ta wannan hanya, ban da na gobara. A Fabrairun 2021, da sanyi ya kashe wutar lantarki a jihar Teksas, fiye da mutum 1,400 suka garzaya asibiti saboda sun kunna mota ko janareta ko gawayi a rufaffen wuri. Idan haka ta faru inda ake da doka da na'ura da motar asibiti, me ke faruwa inda babu ko ɗaya?

Amsar tana cikin zaurukanmu. Ƙaramin janaretan da ke shagon mai aski da na mai cajin waya, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ɗan'uwan injin huda ƙanƙara ne ta fuskar ƙira, hayaƙinsu ɗaya. Manyan janaretoci ma ba su kuɓuta ba. Tsoron ɓarawo ko ruwan sama ke sa a shigar da shi zaure ko baranda ko ƙarƙashin matakala, a rufe ƙofa a kwanta. In hunturu ya kama kuma a shiga da kaskon gawayi ɗaki, a toshe taga da tsumma. Ba shekarar da za ta wuce jaridu ba su kawo labarin iyali guda da aka ɓalle ƙofa aka tarar babu mai motsi ba. Abin da ke biyo baya ya fi ɓata rai: a ce guba aka sa a abinci, a zargi kishiya ko maƙwabci, a ambaci iskokai, a yi jana'iza, janaretan na nan inda yake. Mutuwa da rai na hannun Allah, amma annabin rahama ya umarce mu da mu kashe wuta in za mu kwanta. Tawakkali bai taɓa zama lasisin sakaci ba.

A 2015 hukumar kwastam ta Najeriya ta hana shigo da waɗannan ƙananan janaretoci a jumlace. Har gobe suna cike da kasuwa, domin wanda ba shi da wutar lantarki ba zai zauna cikin duhu don an fitar da sanarwa ba. Abin da ake bukata ya fi hani sauƙi. Tun 2018 masu ƙera janareta a Amurka suka amince da tsarin sanya masa na'urar da ke kashe shi da kansa in gubar ta taru. Me ya hana hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta ce kowane janareta da zai shigo ƙasar nan sai da ita? Me ya hana a liƙa gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, a jikin kowane tanki? Gwamnatocin jihohi su wajabta na'urar gargaɗi a ɗakunan kwanan ɗalibai da otal-otal da gidajen haya. Ma'aikatun lafiya su riƙa binciken musabbabin irin waɗannan mace-mace suna rubutawa. Gidajen rediyo da limamai su ɗauki maganar tun kafin sanyi ya shigo, kada su jira sai an yi rashi.

Kai kuma mai gida, naka ba ya jiran kowa. Janareta waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa na fuskantar nesa da gida. In tsoron ɓarawo ne, gina masa keji na ƙarfe mai shan iska. Gawayi ya gama aikinsa a tsakar gida kafin a kwanta. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kama ciwon kai da jiri lokaci guda, a fita da kowa cikin iska nan take, a kashe injin, a nufi asibiti a nemi oksijin. Madara da manja ba sa fitar da wannan guba daga jini. Wanda ya karanta wannan ya ji, ya gaya wa maƙwabcinsa a yau, kafin a sake ɗauke wuta.