Darasin Haƙƙi a Bakin Magudanar Bakalori

Duk wanda ya bi ta tsakanin Talata Mafara da Bakura da rani, idan har idonsa na kan gonaki, zai lura cewa wadatar wannan yanki da ƙuncinsa sun rataya ne ga ƙananan magudanan da ke jawo ruwa daga madatsar Bakalori, domin inda ruwa ya isa shinkafa ce kore shar, inda kuwa laka da ciyawa suka toshe shi sai busasshiyar ƙasa mai tsagewa. Abin da ya kai ni wata makarantar sakandare ta wajen shi ne labarin da na ji cewa ɗalibanta ke yashe magudanar da ke bayan katangarsu kowace shekara, alhali makarantar ba ta da ko taki ɗaya na gonar da ke sha daga gare ta.

Bayan gaisuwa da ruwan baƙo, malamin tarihi ya bayyana mini cewa yasar cikamaki ce ta mako guda na wasannin kwaikwayo da suka keɓe don tunawa da waɗanda suka yi fafutukar ƙwato wa talaka haƙƙinsa. Ya ce ya karanta yadda makarantun Amurka ke fita hidimar jama'a a watan Janairu saboda Martin Luther King, sai ya ga bai kamata ya aro jarumai daga ƙetare ba, tun da yake Malam Aminu Kano da kansa ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru, nan kusa, kafin ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma shi ma da wasan kwaikwayo ya fara yi wa al'umma gargaɗi. Saboda haka samari suka ɗauki tarihin haraji da jangali da aikin tilas, 'yan mata kuma suka ɗauki na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 bayan ta tura jajinta ƙauyuka suna karantar da mata, da na Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri kafin matan Arewa su sami damar jefa ƙuri'a a 1976. Na ga wata yarinya sanye da malfa irin ta jaji, tana bin layin iyaye mata tana tambayar kowacce ko 'yarta na zuwa makaranta, ana dariya, amma wasu sun sunkuyar da kai.

Sai dai wasan da ya sa filin ya yi tsit shi ne na madatsar kanta, wadda aka tare Gulbin Sakkwato da ita aka kammala a 1978. Ruwanta ya haɗiye gonaki da gidajen dubban mutane na ƙasar Maradun, aka baje filayen Mafara da Bakura don noman rani, aka sare itatuwa, damina ta yi ta wucewa wasu ba su jefa iri ba, har jinkirin diyya ya sa manoma suka tare hanyoyin aikin, al'amarin da ya ƙare da asarar rayuka a watan Afrilun 1980. Malamin ya sharɗanta wa yaran kada su ambaci sunan kowa, kada kuma su zagi kowa, domin maƙasudi izina ne.

A gefena wani dattijo ke zaune, wanda ake ɗaukowa daga ƙauyensu kowace shekara. Na ce, "Baba, haka abin ya faru?"

Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Malam, yaran sun yi ƙoƙari, amma sun cika ihu. Mu lokacin da anka ce mu tashi, ba mu yi ihu ba, don mun ɗauka alheri na tahe. Gida ana sake gina shi. Amma ɗorawar da kakana ya bari, wadda uwata ke daddawa da kalwarta ta yi muna sutura, wace takarda ka biyan ta? Kabarin mahaifina na ƙarƙashin ruwan ga. In na so ziyara, bakin tabki nika tsayawa in yi mai addu'a. Waɗanda munka tare hanya da su kuwa, wasu ba su komo gida ba, kuma wallahi ba 'yan fitina ba ne, manoma ne masu iyali."

Na tambaye shi ko yana ƙin madatsar. Ya girgiza kai. "Jikokina da ruwanta suka ci. Abin da ba ni iya gani shi ne a bar shi ya toshe. Ruwan da anka saye da wannan tsada, haramun ne a yi sakaci da shi. Ni na hwaɗa ma yaran ga haka, sai sunka ɗauko shebur."

Washegari da hantsi na iske su a cikin magudanar, wanduna a naɗe, laka har gwiwa, samari na haƙa da shebur da fartanya, 'yan mata na kwasa da kwanon sarki, manoman ƙarshen layi, waɗanda ruwa ya kan yanke musu tun kafin shinkafa ta yi ciki, sun shigo an haɗu aikin gayya. Wasu ɗaliban kuma suna zagaya tsofaffi da littattafan rubutu, suna ɗaukar shaidarsu kalma da kalma, suna rubuta wa marasa karatu takardun koke.

Haƙiƙa na gamsu cewa wannan makaranta ta fahimci abin da malamanmu suka daɗe suna faɗi, cewa ilimi ba ya cika sai da aiki da shi, kuma yaron da ya san abin da kakansa ya rasa, ya kuma sa hannunsa a laka don maƙwabcinsa, da wuya ya girma ya danne haƙƙin wani. Shaidun wancan zamani sun tsufa, kowace shekara suna raguwa, saboda haka wajibi ne sauran makarantun Mafara da Bakura da Maradun su aika yaransu wurinsu da alƙalami tun suna da rai.