Ƴan ƙananan kalmomin Ingilishi da ke riƙe da lokaci

Ɗan kasuwar Maraɗi mai sayo kaya Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, da ma'aikacin Yamai mai karɓar takardun ƙungiyoyin waje, duka suna karo da Ingilishi. Galibi ba manyan kalmomi ke kayar da su ba, ƴan ƙanana ne: be, have, do da will, waɗanda masana nahawu ke kira mataimakan aikatau.

Aikatau na Ingilishi, in yana shi kaɗai, lokaci biyu yake nunawa, na yanzu da wanda ya wuce: pay da paid. Sauran duka mataimaki ne ke ɗauke da su. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin a "na biya", "zan biya" da "nakan biya", abin da ke gaban aikatau ne ke sauyawa.

A takardar ciniki, bambancin ya shafi aljihu. In an rubuta "the goods have been sent", kaya sun tashi. In "are being sent" ne, ana cikin aikin, watakila ko lodi ba a ƙare ba. "Will be sent" kuwa alkawali ne tsagwaronsa. Wanda ya saki kuɗinsa bisa na uku yana zaton na farko ne, ya biya kayan da ke kwance a sito.

Wanda ya yi karatu da Faransanci yana da nasa tarko. "I have paid" ya yi kama da "j'ai payé" ƙwarai, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Faransanci na cewa "j'ai payé hier". Ingilishi ba ya haɗa wannan siga da jiya ko bara, sai "I paid yesterday". "Have paid" na nufin an biya, kuma maganar tana da tasiri har yanzu.

Shi do, aikinsa tambaya da korewa: "did you pay?" Lokacin ya hau kan did, saboda haka "did you paid" kuskure ne. A zamanin Shakespeare, wajen 1600, ana iya tambaya ba tare da shi ba.

Akwai kuma shall, ɗan'uwan will, wanda ya ragu a bakin mutane amma yana nan daram a takardun kwangila. Can, "the buyer shall pay" ba labarin gobe ba ne. Tilas ne aka ɗora wa mai saye.