Yadda Romawa Suka Aro Awa Daga Girkawa

Romawa suna da nasu kalmomin lokaci na gado: dies yini, nox dare, mensis wata, annus shekara. Akwai lustrum, shekara biyar da ke tsakanin ƙidayar jama'a da mai bi mata, akwai kuma saeculum, tsawon ran wanda ya fi kowa daɗewa a zamaninsa, shekara 100 ko 110. Duk abin da manomi da mai mulki ke ƙirgawa ya samu suna a Latin.

Awa ce babu. Marubuci Pliny Babba ya ce tsoffin dokokin Roma, Alluna Goma Sha Biyu, fitowar rana da faɗuwarta kaɗai suka ambata. Daga baya aka sa wani ma'aikaci yana shela idan rana ta take tsaka.

Kalmar hora daga Girkanci ta zo. A can, da fari, tana nufin lokaci daga cikin lokutan shekara, kafin ta koma kashi ɗaya cikin sha biyu na yini. Tare da kayan aikinta ta shigo Roma. A shekara ta 263 kafin haihuwar Annabi Isa aka ɗauko agogon inuwa daga garin Kataniya na tsibirin Sisili, ganimar yaƙi, aka kafa a dandalin birni. Layukansa don Kataniya aka zana su, ita kuwa tana can kudu, shi ya sa bai taɓa faɗin daidai a Roma ba. Haka aka bi shi shekara 99, sai a 164 aka kafa wanda ya dace. A ganina wannan ya isa shaida cewa awa baƙuwa ce a rayuwarsu, ba su matsu da ita ba. A 159 agogon ruwa ya biyo baya, don dare da ranar hadari. Girkawa na kiran irinsa klepsydra, wato ɓarawon ruwa, har sunan ma Latin ta karɓe shi.

Awar Romawa tana miƙewa tana tsukewa, domin hasken rana ake rabawa sha biyu: kusan minti 75 da tsakiyar zafi, kusan 45 da hunturu. Minti da sakan sun zo can baya, lokacin da malaman Turai suka sa wa lissafin sittin-sittin na masanin taurari Ptolemy sunayen Latin, minuta da secunda. Hora kuwa ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci, daga nan Hausa ta samu awa, bayan tuni tana da sa'a daga Larabci.