Yaye Ba Aikin Rana Ɗaya Ba Ne

'Yan'uwa manoma, a ƙauyukanmu da yawa akan raba yaro da nono rana ɗaya, a kai shi gidan kakarsa. Can ba abin da yake sha sai tsinkakken kunun gero. Kafin a jima gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa su kumbura. Wasu sukan ce maita ce. Tamowa ce, wato jikinsa ya rasa abinci mai gina jiki.

Maganin yana cikin rumbunmu. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. Daga nan a fara kunu mai kauri, a ci gaba da nono har shekara 2.

Ga yadda za mu yi: a soya gero mudu 2 da gyaɗa ko waken soya mudu 1, a niƙa tare. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar. In an dama, a sa ɗan manja da garin zogale. A ba shi ƙwai kuma. Ƙwai ba ya mai da yaro ɓarawo.

Kada mu raina kakanni. Mu kai musu garin da kanmu, mu dama tare.

Ibrahim ya yi babban biki ranar da aka yaye Ishaku. Mu ma mu yi wa 'ya'yanmu addu'a, mu kuma cika musu kwano.