Tsaunukan da ke karya gwiwar matafiya a Hanyar Apalachiya

Daga tsaunin Springer a jihar Jojiya zuwa tsaunin Katahdin a jihar Maine, akwai wata hanyar ƙafa da ta ratsa jihohi 14 na gabashin Amurka, tsawonta kimanin kilomita 3,500. Ita ce Hanyar Apalachiya. Benton MacKaye ne ya kawo shawarar sharar ta a 1921, aka kammala ta a 1937. Duk shekara dubban mutane kan goya jakunkunansu su kama ta da niyyar kaiwa ƙarshe cikin wata biyar zuwa bakwai, amma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke cika wannan buri.

Wanda ya taso daga kudu, kafin ya shigo jihar New Hampshire ya riga ya ci kusan kashi huɗu cikin biyar na tafiyar. Ƙafarsa ta yi kanta, kafaɗarsa ta saba da kaya. To, a nan ne tsaunukan White Mountains ke tare shi, lissafinsa ya rushe. Mutumin da ya saba yin kilomita 30 a wuni sai ka ga da ƙyar yake yin rabin haka.

Abin mamaki, tsaunukan ba su da wani tsayi na a zo a gani. Babbansu, tsaunin Washington, mita 1,917 ne kacal, Chappal Waddi na jihar Taraba ma ya fi shi. Wahalar tana cikin yadda aka shimfiɗa hanyar. Mutanen da, waɗanda suka share ta, ba su damu da kewaye-kewaye ba, miƙewa suka yi sama ɗoɗar. Wani sashe nata, Crawford Path, tun 1819 ake bin sa. A gangaren tsaunin Moosilauke sai da aka kafa matakalar katako da ƙarafunan riƙewa a jikin dutse mai santsi, ga ruwa na zuba a gefe. Hawa yana cin numfashi, gangara kuwa gwiwa take ci.

Amma babbar masifar tana can sama, inda itatuwa ke ƙarewa saboda sanyi da iska. Daga nan babu inuwa, babu mafaka, kilomita bayan kilomita, sai tulin duwatsu da aka jera don nuna hanya. Idan gajimare ya sauko, mutum ba ya hangen tuli na gaba. A ranar 12 ga Afrilu, 1934, masu auna yanayi a ƙololuwar tsaunin Washington sun auna iska mai gudun kilomita 372 a awa ɗaya, kuma ba a sami wadda ta fi ta ba sai a 1996. Babu watan da ƙanƙara ba ta taɓa sauka a can ba. Fiye da mutum 150 sun rasu a kan tsaunin da kewayensa tun daga 1849.

Yadda sanyi ke kisa ya kamata a sani. Matafiyi ya hawo yana gumi, rigarsa ta auduga ta jiƙe sharkaf. Iska ta bugi rigar, zafin jiki ya fara tsiyayewa. Da fari makyarkyata ce, sai yatsu su kasa jan zif, sai magana ta fara sarƙewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tunani ma yakan lalace, har mutum ya ga kamar lafiya lau yake, a daidai lokacin da ya fi buƙatar hankalinsa. Shi ya sa masana hanyar ke guje wa auduga, suna sa ulu ko yadin roba mai saurin bushewa.

Ƙungiyar Appalachian Mountain Club, wadda aka kafa a 1876, tana da masaukai takwas a tsaunukan. A bakin inda itatuwa ke ƙarewa kuma an kafa alluna masu ruwan ɗorawa da ke gargaɗin a koma idan yanayi ya ɓaci. Masu taurin kai sukan wuce saboda ga ƙololuwa nan suna gani, sun manta hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A ganina, wanda ya karanta allon nan, ya dubi sama, ya juya ya kwana a ƙasa, ya fi wanda ya kutsa gwaninta. Mai karatu, in Allah ya kai ka wani tsauni, ka sa wa kanka lokacin juyawa tun kana gindinsa, kuma in lokacin ya yi ka juya.